Yadda sunan ƙauye ya zama adireshi a ƙasar Dakoro

Tun kafin a san akwatin gidan waya, ƙauyukan jihar Maradi suna da adireshinsu, kuma a baki ake riƙe shi. A farkon ƙarni na 20, da yaƙe-yaƙe suka lafa, manoma suka bazu arewa neman gona. Duk inda suka sari daji, sai mazaunin ya ɗauki sunan wanda ya kafa shi, ko na rijiya, ko na wani itace da ke tsaye a wurin: Gidan wane, Rijiyar wane, Garin wane. Baƙon da ya nufi Ɗan Gulbi ko Birnin Lalle sunan kawai zai faɗa a kasuwa, a nuna masa hanya. Amfanin irin wannan suna shi ne kowa yana iya furta shi, ya tuna shi, ya isar wa wani ba tare da takarda ba.

Rikicin ya fara ne ranar da sunan ya hau takarda. Turawan Faransa, waɗanda suka mai da Dakoro cibiyar mulki a 1947, sun rubuta abin da kunnensu ya ji da ƙa'idar harshensu. Gidan Rumji ya koma Guidan Roumdji, Ɗan Gulbi ya koma Dan Goulbi, lanƙwasar Ɗ ta ɓace. An zauna a Bamako a 1966 kan daidaita rubutun harsunan yankin, Nijar kuma ta tsayar da ƙa'idar rubutun Hausa a 1999, amma taswira da takardar haihuwa ba su bi ba. Ko da aka kafa ƙananan hukumomi a 2002, da tsohon rubutun aka yi musu rajista. Intanet ta zo ta ƙara nata. Adireshinta da haruffan Ingilishi aka gina shi, don haka Ɗ a cikinsa takan rikiɗe ta zama %C6%8A, abin da ba mai iya karanta wa ɗan'uwansa a waya. Mai neman labarin irin wannan gari yau sai ya gwada rubutu biyu ko uku, kowanne ya kawo masa guntu.

Wasu za su ce a bar suna a kama lamba, tunda Sabon Gari da Gidan Dawa ba su ƙirguwa, kuma hukumar ƙididdiga ta jera ƙauyukan ƙasar kaf bayan ƙidayar 2012. Gaskiya ne lamba ba ta cin karo da wata, amma direban tasha ba da lamba yake kiran fasinja ba. Magabata ma sun san sunaye suna maimaituwa, shi ya sa suke ɗora suna kan suna: ƙauye kaza na ƙasar Kornaka. Wasu kuma suna tsoron gyaran rubutu zai ɓata tsofaffin takardu. Ba sai an goge komai ba. A bar tsohon rubutun a rajista yana kai mai nema ga sabon.

Saboda haka ya kamata magadan gari da malaman makaranta su tsayar wa kowane ƙauye rubutu ɗaya na Hausa, su sa shi a allon bakin hanya da hatimi da intanet, na Faransanci yana gefensa. Garin da ba a iya rubuta sunansa daidai, wahalar samunsa a kan 'ya'yansa take faɗawa.