Masaukin Baƙo a Tarihin Kano



Tambayar da za mu duba a yau ita ce: idan baƙo ya shigo gari, ko fatauci ya kawo shi ko gudun fitina, ina hukumar gari take sauke shi, kuma a ƙarƙashin wa? Kano za ta ishe mu misali.

Littafin Tarihin Kano ya nuna cewa Wangarawa sun zo daga Mali a zamanin Sarki Yaji (1349-1385), aka karɓe su, har aka ba su limanci. Sunayen unguwannin birni ma kansu shaida ne: Zangon Barebari, Tudun Nufawa, Agadasawa, Dandalin Turawa na Larabawa, da Ayagi ta Yarabawa. Tsarin kuwa ɗaya ne. Sarki ya ba baƙi fili a cikin ganuwa, a naɗa musu mai unguwa, su ci Kasuwar Kurmi tare da kowa, alƙali ɗaya ya yi musu shari'a. Kafin jika ya girma, gidan ya zama na Kanawa.

Zuwan Turawa ya sauya wannan. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya kawo akawuna da leburori da 'yan kasuwa daga Kudu. A wajen 1913 aka yanka musu Sabon Gari a bayan ganuwa, aka sa shi ƙarƙashin jami'in Bature, da dokarsa daban da kotunsa daban. Sai a 1940 aka mayar da shi hannun En'e ta Kano. Amma kusan shekara talatin na zaman 'yan marina sun riga sun yi aikinsu: ana ciniki tare, ba a san juna ba. Da siyasa ta yi zafi a watan Mayu na 1953, aka yi arangama, aka rasa rayuka. Abin da ya faru a 1966 ya fi muni, domin dubban mutanen Gabas sun gudu sun bar gidajensu. Abin yabo shi ne, da yaƙin basasa ya ƙare a 1970, da yawa daga cikinsu sun komo Kano, aka mayar musu da gidajen.

Hausawa kan ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Tarihin Kano ya nuna cewa hukuma ce ke yanke wanne baƙo zai zama daga cikin biyun. Tun gyaran 1976, kasuwa da firamare da ɗakin shan magani suna cikin ayyukan ƙananan hukumomi. Ku da ke zaune a ofisoshin nan, da ku ɗalibai masu shirin shigarsu, ranar da ɗan gudun hijira daga Barno ko Zamfara ya zo neman rumfa a kasuwa, ko gurbi ga ɗansa a makaranta, hukuncin yana hannunku.