Malaminmu Bamisire da Tarihin Larabawa

Edita ya matsa mini lamba in rubuto wani abu a kan tarihi, wai don ni ne mai damun aji da tambaya a zamaninmu. To, ga shi na amsa, kuma zan ɗauko zancen daga wani mutum da na san ba ku manta da shi ba, wato malaminmu na lissafi Bamisire.

Lokacin da na baro Danko zuwa makaranta a 1971, abin da na sani game da Larabawa bai wuce biyu ba. Na farko, su ne mutanen Makka da Madina, masu harshen Alƙur'ani. Na biyu, wani kawuna da ya dawo daga yaƙin basasa, don kowa ya san ƙasar Zuru gidan soja ce, yakan ba mu labari da dare cewa matuƙan Masar ne suka riƙa tuƙa wa Gwamnatin Tarayya jiragen yaƙi ƙirar Rasha. Saboda haka a wurina duk Balarabe Musulmi ne, kuma duk Larabawa uwa ɗaya uba ɗaya suke. Sai ga malamin nan, ba ya buɗe baki bai ce "in sha Allahu" ba, amma ran Lahadi muka gan shi ya bi 'yan'uwanmu Kirista zuwa coci. Da na yi ta maza na tambaye shi, sai ya yi dariya ya ce shi Baƙibɗe ne, kakanninsa Kirista ne tun kafin Musulunci ya shiga Masar, kuma duk da haka ba ya yarda wani ya fi shi kishin Larabawa. Wannan amsa ita ta jefa ni cikin karatun da har yau ban gama ba.

Abin da na tarar shi ne, kimanin shekara 400 yawancin ƙasashen Larabawa suna ƙarƙashin Daular Usmaniyya ta Turkawa, tun da aka ci Sham a 1516 da Masar a 1517. Da aka shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya, Ingila ta yi wa Sharif Husaini na Makka alkawarin ƙasar Larabawa mai 'yanci in ya yi wa Turkawa tawaye, ya kuwa yi a watan Yuni na 1916. Ashe a wannan shekarar Ingila da Faransa sun riga sun raba yankin a takarda, a yarjejeniyar Sykes da Picot, sannan a 1917 Ingila ta sake yi wa Yahudawa alkawarin mazauni a Falasɗinu. A 1920 Faransawa suka kori Faisal ɗan Sharif daga Damaskas, Ingila ta lallashe shi da sarautar Iraƙi a 1921. Mu wannan ba baƙon abu ba ne a gare mu, domin waɗannan ƙasashe biyu su ne suka ja layi tsakanin Katsina da Maraɗi.

Daga wannan takaici kishin Larabawa ya yi ƙarfi, kuma a nan na gane gaskiyar malaminmu. Tushen kiran shi ne harshe da tarihi, shi ya sa Kirista suke sahun gaba a cikinsa. George Antonius, wanda ya rubuta shahararren littafin farkawar Larabawa a 1938, Kirista ne. Jam'iyyar Ba'as da aka ƙaddamar a Damaskas a 1947, Michel Aflaƙ Kirista da Salahuddin al-Bitar Musulmi ne suka jagoranci kafa ta. Kafin nan, a 1945, ƙasashe bakwai sun kafa Ƙungiyar Ƙasashen Larabawa a Alƙahira.

Kayen da suka sha a yaƙin 1948, lokacin kafa Isra'ila, shi ya zubar da mutuncin sarakunansu. A ranar 23 ga Yuli, 1952, matasan hafsoshi suka hamɓarar da Sarki Faruƙ na Masar, daga cikinsu Jamal Abdul Nasir ya fito. Da ya ƙwace Mashigin Suwez daga hannun Turawa a watan Yuli na 1956, Ingila da Faransa da Isra'ila suka auka masa, amma Amurka da Rasha suka tilasta musu janyewa. Tun daga ranar sunansa ya cika duniya, gidan rediyonsa na Sautul Arab yana kai muryarsa tun daga Maroko har Bagadaza.

A watan Fabrairu na 1958 Masar da Siriya suka narke suka zama ƙasa guda, Haɗaɗɗiyar Jamhuriyar Larabawa. Jama'a, a nan darasin yake. Siriyawa da kansu suka nemi haɗewar, amma da aka haɗu sai Nasir ya rushe jam'iyyunsu, ya mai da kowane hukunci Alƙahira, ya tura musu na hannun damarsa Abdul Hakim Amir ya zauna a kansu, sannan a 1961 gwamnati ta karɓe bankuna da manyan kamfanoninsu. A ranar 28 ga Satumba, 1961, sojojin Siriya suka ɓalle. Auren bai cika shekara huɗu ba, alhali harshensu ɗaya, abokin gabarsu ɗaya. Wanda ya tuna Doka ta 34 da Janar Ironsi ya kafa a watan Mayu na 1966, ya soke jihohi ya tattara mulki a Ikko, da abin da ya biyo baya, ya san cewa ciwon iri ɗaya ne.

Sai kuma yaƙin kwana shida na watan Yuni, 1967, inda Masar ta rasa Sinai da Gaza, Siriya ta rasa Tuddan Golan, Jodan ta rasa Gabashin Ƙudus da Yammacin Kogin Jodan. Nasir ya rasu ranar 28 ga Satumba, 1970, shekara tara cif da ɓallewar Siriya. Yaƙin Oktoba na 1973 kuwa muna makaranta aka yi shi, kuma kun tuna yadda malaminmu yake manne da rediyo har ya manta da alli a hannunsa. A cikin wannan wata Janar Gowon ya yanke hulɗa da Isra'ila, ba a mai da ita ba sai 1992. Larabawa suka rage haƙo mai, farashin ganga ya tashi daga wajen dala 3 zuwa kusan dala 12 cikin 'yan watanni. Tun da Nijeriya ta shiga OPEC a 1971, da wannan kuɗi aka biya ƙarin albashin Udoji, aka kuma buɗe ilimin firamare kyauta a 1976. Ke nan yaƙin da aka yi a Sinai ya gina azuzuwa har ƙauyukanmu.

Wannan shi ne kusan haɗin kai na ƙarshe. Da Anwar Sadat ya yi sulhu da Isra'ila a 1979, aka dakatar da Masar daga ƙungiyar da aka haifa a gidanta har shekara goma. A ranar 2 ga Agusta, 1990, Iraƙi ta mamaye Kuwait, Balarabe ya ɗaga wa Balarabe bindiga. Ba'as ta faɗi a Iraƙi a 2003, ta faɗi a Siriya a watan Disamba na 2024. Haɗewar da ta ɗore kuwa ita ce wadda ba a yi wa kiɗa ba, wato Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da aka kafa a watan Disamba na 1971, wadda yanzu take da masarautu bakwai, kowane sarki aka bar masa gidansa da ikonsa.

To, ina ruwan ɗan Danko da wannan dogon labari? Ruwansa shi ne, mu ba mu da ko abin da Larabawa suke taƙama da shi. A ɗakin kwananmu akwai Dakarkari da Fakkawa da Dukkawa da Kambari da Hausawa da Fulani, wani ya tashi sallar asuba, wani ya tashi addu'ar safe, kwano ɗaya muke ci. Da aka ƙirƙiro Jihar Kabi a ranar 27 ga Agusta, 1991, da wannan gado muka shiga cikinta. Yanzu kuwa nakan ji 'ya'yanmu suna fara tambayar addinin mutum kafin su tambayi sunansa, wasu har suna cewa da harshenmu ɗaya ne da mun huta. Ni dai abin da na karanta ya nuna mini harshe ɗaya bai riƙe Masar da Siriya ba, domin an hana ƙarami magana a cikin gidansa. Abin da ya riƙe ɗakin kwananmu shi ne ba wanda aka hana rabonsa don asalinsa. In ƙungiyarmu ta lura da wannan wajen zaɓen shugabanninta da rabon taimakon karatu ga yara, ta yi abin da ya gagari Nasir.