Sarkin Yawa da Sarkin Ƙarfi: Tarihin Barazanar Tsige Shugaban Ƙasa

A damunar 2002 ina ɗan firamare, aikina bayan sallar isha'i shi ne in ɗauko rediyon kakana in kai masa ƙofar gida, inda dattawan unguwarmu a Zauro suke shimfiɗa tabarmi. A nan na fara jin an haɗa kalmar tsigewa da sunan mutum. Kafin wannan dare, ciyawar gonar shinkafa da furfura kawai na san ana tsigewa.

Da aka gama labarai, wani tsoho ya dubi kakana ya ce, "Alhaji, ka ji abin da yaran ga sunka ce? Wai Obasanjo shi sauka cikin sati biyu."

Kakana ya rage muryar rediyo, ya ce, "Malam, sun ƙidaya kansu? Balarabe ma ba laihi yak kada shi ba, lissahi na."

Na daɗe ban gane abin da yake nufi ba. Sai da na girma na bi tarihin, na tarar tsohon ya taƙaita rikicin shekara ashirin da wani abu a jimla ɗaya.

A Jamhuriya ta Farko, tsarin Ingila muke bi. Firaminista Abubakar Tafawa Ɓalewa ɗan majalisa ne kamar kowa, ranar da ya rasa rinjaye kuma gwamnatinsa ta faɗi. Kwamitin da Janar Murtala Muhammad ya kafa a 1975, ƙarƙashin lauya Rotimi Williams, shi ya juya akalar ƙasar zuwa tsarin Amurka: a zaɓi shugaba daban, a zaɓi majalisa daban, kowa da wa'adinsa na shekara 4. A wannan tsari majalisa ba ta iya sauke shugaba don kawai ta daina ƙaunarsa. Ƙofa ɗaya aka bar mata, ita ce tsigewa, aka kuma ƙuntata ta da gangan.

Da aka rantsar da Alhaji Shehu Shagari ranar 1 ga Oktoba 1979, jam'iyyarsa ta NPN kujeru 36 take da su cikin 95 a Majalisar Dattawa, da 168 cikin 449 a Majalisar Wakilai. Sai da ya ƙulla ƙawance da NPP kafin aiki ya tafi. Duk da haka kujerarsa ba ta girgiza ba, domin 'yan adawa ba su da kashi biyu bisa uku.

Wanda lissafi ya juya wa baya shi ne Abdulƙadir Balarabe Musa. A tsohuwar Jihar Kaduna, wadda ta haɗa har da Katsina a lokacin, ya ci zaɓen gwamna a PRP, ya kada Lawal Kaita na NPN. Amma a majalisar dokoki mai kujeru 99, NPN ce ke da kusan kashi biyu bisa uku, PRP kuwa ba ta kai 20 ba. Talakawa sun ba shi kujerar gwamna, suka ba abokan gabarsa wuƙa.

Shi da Abubakar Rimi na Kano sun soke haraji da jangali, abin da ya faranta ran manoma da makiyaya, ya kuma taɓa masu sarauta. Duk sunayen kwamishinonin da ya aika, majalisa ta mayar masa. Shi kuma ya ƙi yarda ya raba muƙamai da NPN. Haka ya yi mulkin kusan wata 21 ba kwamishina ko ɗaya. Ga shi gidansa ma ya tsage: PRP ta rabu gida biyu, 'yan taɓo na bayan Malam Aminu Kano, 'yan santsi na bayan gwamnonin biyu. A ƙarƙashin kundin 1979, kakakin majalisa ne ke naɗa mutum 7 da za su binciki gwamna, wato mai ƙara shi ke zaɓen masu bincike. Ranar 23 ga Yuni 1981 majalisar da Mamman Abubakar Ɗanmusa ke jagoranta ta tsige shi, mataimakinsa Abba Musa Rimi ya hau. Ya je kotu, kotu ta ce sashe na 170 ya ɗaure mata hannu. Shi ne gwamna na farko da aka tsige a tarihin Najeriya.

Da farar hula suka dawo a 1999, an gyara wannan ɓaraka a sabon kundi. Ga yadda sashe na 143 ya shimfiɗa hanyar tsige shugaban ƙasa. Sai kashi ɗaya bisa uku na dukkan 'yan Majalisar Tarayya 469, wato mutum 157, sun sa hannu a takardar tuhuma. Cikin kwana 14, kowane zaure ya amince a yi bincike da rinjayen kashi biyu bisa uku: sanatoci 73 cikin 109, wakilai 240 cikin 360. Daga nan Alƙalin Alƙalai ya naɗa mutum 7 da ba 'yan jam'iyya ba, su kawo rahoto cikin wata 3. In sun wanke shi, magana ta mutu. In sun same shi da laifi, a sake neman 73 da 240 ɗin nan. Shi kuwa laifin, sashen ya ce babban saɓa wa kundin ne, ko duk abin da majalisa ta ga ya kai a kira shi haka. Ma'ana, majalisa ce ke auna girman laifi, kuma da yawan hannaye take aunawa.

Olusegun Obasanjo ya taɓa mulki da kaki, lokacin da babu majalisar da za ta tambaye shi. Tun farkon dawowarsa zama bai yi daɗi ba tsakaninsa da 'yan majalisa, duk da mafi yawansu 'yan jam'iyyarsa ne ta PDP. Majalisar Dattawa ta sauke shugabanninta biyu a jere, Evan Enwerem a 1999 da Chuba Okadigbo a 2000. A Majalisar Wakilai kuwa, bayan Salisu Buhari ya yi murabus saboda takardun bogi, Ghali Umar Na'Abba, wakilin Birnin Kano, ya zama kakaki. A 2000 har damin kuɗi aka zube a zauren majalisa, wasu wakilai suka ce cin hanci ne aka raba don a cire shi. Na'Abba bai faɗi ba.

Ranar 13 ga Agusta 2002 Majalisar Wakilai ta ba shugaban ƙasa mako biyu ya yi murabus ko ya fuskanci tsigewa. Tuhume-tuhumen ba na wasa ba ne: ƙin aiwatar da kasafin kuɗi yadda aka zartar da shi, kashe kuɗin da majalisa ba ta amince da su ba, sauya tsarin rabon arzikin ƙasa da umarnin ofishinsa, da tura sojoji Odi a 1999 da Zaki Biam a 2001, inda aka kashe fararen hula da yawa. Obasanjo ya fito ya ce wasa ne da ya wuce gona da iri. Majalisar Dattawa, ƙarƙashin Anyim Pius Anyim, ita ma ta shiga maganar.

To me ya hana? Na farko, zaɓen 2003 ya ƙarato, kowane ɗan majalisa na buƙatar tikitin jam'iyya, tikitin kuma yana hannun fadar shugaban ƙasa da gwamnoni. Na biyu, maganar ta rikiɗe daga ta kundin tsarin mulki ta koma ta ɓangaranci. A ƙasar Yarbawa, inda ba a manta da soke zaɓen 12 ga Yuni 1993 ba, da yawa sun ɗauke ta a matsayin makircin Arewa, musamman da yake mataimakinsa Atiku Abubakar ne zai gaji kujerar. Na uku, manya sun shiga tsakani. Janar Yakubu Gowon da Shehu Shagari suka zauna da ɓangarorin biyu, wuta ta lafa. Shagarin nan da jam'iyyarsa ta tsige Balarabe, wanda kuma sojoji suka kifar ranar 31 ga Disamba 1983, ya fi kowa sanin wanda ke kwashe ganima idan farar hula suka kasa sasanta kansu. Ba a taɓa kaiwa ga kaɗa ƙuri'ar 73 da 240 ba. Obasanjo ya zarce a 2003, Na'Abba bai koma majalisa ba.

Abin da ya biyo baya ya fi ban tsoro. Makamin da ya kasa taɓa shugaban ƙasa sai ya koma kan gwamnoni. Daga Disamba 2005 zuwa Nuwamba 2006 an tsige biyar: Diepreye Alamieyeseigha a Bayelsa, Rashidi Ladoja a Oyo, Ayo Fayose a Ekiti, Peter Obi a Anambra, da Joshua Dariye a Filato. Wasunsu na da tuhumar almundahana mai nauyi a kansu, amma dubi hanyar da aka bi. A Oyo, 'yan majalisa 18 cikin 32 suka fara shirin a ɗakin otal a Ibadan. A Filato, waɗanda suka yi aikin ba su kai 10 ba cikin 24. A ƙarshen 2006 Kotun Ƙoli ta mayar da Ladoja, ta kafa hujjar cewa kotu na da ikon duba ko an bi matakan da kundi ya gindaya. Obi da Dariye ma kotu ta mayar da su. Ƙofar da aka rufe wa Balarabe ta buɗe bayan shekara 25.

A cikin wannan shekara kuma lissafi ya rama wa majalisa. Gyaran kundin tsarin mulki ma kashi biyu bisa uku yake buƙata. Ranar 16 ga Mayu 2006 Majalisar Dattawa ƙarƙashin Ken Nnamani ta yi watsi da ƙudirin da zai buɗe hanyar tazarce karo na uku. Katangar da ta kare Obasanjo a 2002 ita ta tare shi a 2006. Ranar ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

Mu da ke bakin iyaka, daga Kamba zuwa Gaya tsallake ɗaya ne, mun ga yadda irin wannan takun saƙa ke ƙarewa idan babu mafita. A Nijar, 'yan adawa suka ci zaɓen majalisa a Janairu 1995, Hama Amadou ya zama firaministan Shugaba Mahamane Ousmane. Aka yi shekara guda ana zaman doya da manja, har taron majalisar ministoci ya gagara. Ranar 27 ga Janairu 1996 Kanar Ibrahim Ba'are Mainasara ya share su duka. A 2009 Mamadou Tandja ya rusa majalisa a watan Mayu, ya rusa kotun tsarin mulki a watan Yuni, ya gudanar da ƙuri'ar raba gardama ta tazarce ranar 4 ga Agusta. Ranar 18 ga Fabrairu 2010 sojojin Salou Djibo suka kama shi a fadarsa. Sau biyu ke nan bindiga ta yanke shari'ar da majalisa da kotu ya kamata su yanke.

A Najeriya barazanar ba ta daina dawowa ba. A Yuli 2012 wakilai suka yi wa Goodluck Jonathan ita kan kasafin kuɗi. A Nuwamba 2014, bayan Kakaki Aminu Waziri Tambuwal ya sauya sheƙa zuwa APC, 'yan sanda suka tare ƙofar majalisa da barkonon tsohuwa, wakilai suka riƙa haura ƙyaure, aka shiga tattara sa hannu. A Afrilu 2018 aka ambaci sashe na 143 a Majalisar Dattawa, saboda Muhammadu Buhari ya fitar da dala miliyan 496 don sayen jiragen yaƙi na Tucano kafin majalisa ta amince. Ranar 27 ga Yuli 2022, bayan harin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna da fasa gidan yarin Kuje, sanatocin adawa suka fice daga zaure suka ba shi mako shida. Wannan bai yi wa mutanen Kebbi nisa ba: ɗaliban da aka sace daga kwalejin Birnin Yauri ranar 17 ga Yuni 2021 wasunsu na daji har lokacin, kuma sanatocinmu biyu, Adamu Aliero da Yahaya Abdullahi, ba su daɗe da barin APC zuwa PDP ba. Mako shida suka wuce, kowa ya koma yaƙin neman zaɓe.

Duba jerin nan da kyau. Mutanen da suka yi barazana a 2012 da 2014 su ne suka zama masu kare shugaba a 2018 da 2022, waɗanda suka kare Jonathan kuma suka zama masu barazana. Hujjojin ba su sauya ba, masu riƙe da su ne suka yi musanyar kujeru. Ko a Amurka, inda muka aro tsarin, an tuhumi Andrew Johnson a 1868, Bill Clinton a 1998, Donald Trump a 2019 da 2021, kuma Majalisar Dattawa ba ta sauke ko ɗaya ba. Richard Nixon kaɗai ya sauka a 1974, da ya ga 'yan jam'iyyarsa sun zame masa.

A sana'ata ta rubuta manhajar kwamfuta, ba mu yarda da wani ɓangare na aiki sai mun gwada shi, musamman wanda aka tanada don ranar gaggawa. Sashe na 143 shekara 25 da ɗoriya yana rubuce, ba a taɓa bin sa zuwa ƙarshe ba. Ƙuntata shi daidai ne, don ƙasar da ake sauke shugabanta duk ranar da majalisa ta yi fushi ba za ta zauna ba. Amma tuhumar farko ta 2002, cewa ana zartar da kasafi a ƙi aiwatarwa, har yau tana nan ba amsa. Mu a Zauro ba sai an fassara mana ita ba. Tun kafin a haife ni ake maganar babban aikin noman rani na fadamarmu, ga mu nan har yau kowa da ɗan injinsa da jarkar fetur.

Kakana ya rasu bai ga an tsige shugaban ƙasa ba, kuma mai yiwuwa ni ma ba zan gani ba. Abin da na koya daga lissafinsa shi ne, 73 da 240 ɗin nan mutane ne, kuma mu muke tura su. Kebbi na da sanatoci 3 da wakilai 8 a cikinsu. Ranar zaɓe idonmu na kan takardar shugaban ƙasa, sauran biyun mu dangwala wa duk wanda aka nuna mana. In mai neman kujerar majalisa ya zo ƙofar gidanku da buhun shinkafa, kafin ku karɓa ku tambaye shi: ran da shugaban jam'iyyarka ya kashe kuɗin da ba ku amince ba, a wane ɓangare za a ƙirga ka?