Tsofaffin Gine-ginen Kano da Sabbin Ayyukansu

Ginin ƙasa ba ya jure zama babu kowa a cikinsa. Kowace damina sai ruwa ya ci wani abu daga katanga, kuma in ba a bi da yaɓe bayan ruwa ya ɗauke ba, cikin 'yan shekaru soro zai tsage, azara ta bayyana, rufi ya rufta. Saboda haka gine-ginen tarihi da suka kawo yau a Kano kusan duk waɗanda aka sama wa aiki ne, ko da aikin ya sha bamban da wanda aka gina su dominsa.

Gidan Makama shi ne babban misali. Tarihin baka yana danganta shi da ƙarni na 15, da Muhammadu Rumfa, wanda aka ce ya zauna a cikinsa yana Makama kafin ya hau gadon sarauta a 1463. Rumfa ya gina sabuwar fada, wadda ake kira Gidan Rumfa har yau, tsohon gidan kuma ya ci gaba da zama na sarauta. Da Turawan Ingila suka ci Kano a watan Fabrairu na 1903, sun yi amfani da shi a matsayin ofis na ɗan lokaci. Daga baya aka raba shi: wani sashe ya zama makaranta, wani ya zama gidan adana kayan tarihi, wanda yanzu yake hannun hukumar gidajen tarihi ta ƙasa. Mai ziyara yana ratsa zaure da soraye masu ɗaurin guga, yana ganin ƙyamaren tsofaffin ƙofofin birni, da kayan yaƙi, da kayan sana'o'i, da hotunan zamanin mulkin mallaka. Ginin kansa ya fi duk abin da aka jera a cikinsa daraja, domin a nan ne ɗan makaranta zai ga yadda magina suka rufe ɗaki mai faɗi ba tare da ƙarfe ko siminti ba.

Gidan Ɗan Hausa da ke Nassarawa, a wajen ganuwa, ya bi wata hanyar. A nan ne Hanns Vischer, ɗan asalin Suwizalan da ya yi wa gwamnatin Ingila aiki, ya zauna. Ƙwarewarsa a harshen ce ta sa aka laƙaba masa suna Ɗan Hausa. A 1909 ya buɗe makarantar gwamnati ta farko ta boko a Arewa a wannan unguwa. Gidan ya tashi daga mazaunin jami'in ilimi, ya koma hannun hukumar tarihi da al'adu ta Jihar Kano, inda ake ajiye kayan tarihi ana kuma karɓar baƙi. A Katsina ma haka aka yi da ginin tsohuwar kwalejin da aka buɗe a 1922, wadda Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu a cikinta: bayan makarantar ta tashi zuwa Kaduna a 1938, daga bisani ginin ya zama gidan tarihi.

Ganuwa ba ta yi wannan sa'ar ba. An ce Sarki Gijimasu ne ya fara ta tsakanin 1095 da 1134, sarakunan baya suka yi ta faɗaɗa ta, kuma a da gyaranta aikin gayya ne da ake yi da umarnin sarki. Daga 1903 aikinta na tsaro ya ƙare, ba a kuma ba ta wani ba. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, cinikin gyaɗa ya bunƙasa, Kano ta zama babban birnin jiha a 1967, jama'a suka yi ta kwarara. Aka riƙa ɗibar ƙasar ganuwa ana gini, ana yanka filaye a gindinta, ana rushe ƙofofi ana sake su da siminti don a faɗaɗa titi. A 2007 Najeriya ta sa ganuwar da wuraren da ke tattare da ita cikin jerin da take neman UNESCO ta amince da su, amma shiga jeri bai hana zaizaya ba. Asara ce babba, kuma mafi yawanta ta auku ne a idon mutanen da ke raye yanzu.

Ba wa tsohon gini sabon aiki yana zuwa da nasa haɗarin. Ofis yana son wayar lantarki, da famfo, da fanka, kuma mai kwangila yakan ga siminti ya fi sauƙi. Amma siminti ba ya kama jikin ƙasa yadda ya kamata. Yakan tsage, ruwa ya shiga ta bayansa ya kasa fita, katanga ta riƙa ruɓewa a ɓoye har ranar da filastar za ta zubo gaba ɗaya. Magina na gargajiya sun san wata hanya. Suna gini da tubali mai siffar ƙwai, a jera shi a cike da kwaɓaɓɓiyar ƙasa mai haɗe da ciyawa. Rufi na azarar giginya ne, wadda gara ba ta cika ci ba. Shafen waje kuwa makuba ce, daga kwasfar ɗorawa, ko laso, wanda ake haɗawa da katsin da ake kwasowa daga karofi. Ke nan marinar Ƙofar Mata tana da hannu a lafiyar soraye. Kafin damina kuma dole a hau rufi a share indararo, domin indararo ɗaya da ya toshe ya isa ya tara ruwan da zai kayar da soron da ya shekara ɗari.

A Zariya an gwada wata dabara a kan masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a shekarun 1830: a shekarun 1970 aka lulluɓe babban ɗakin sallar da sabon gini na zamani. Bakan gizon ciki ya tsira ana kuma ci gaba da salla, sai dai siffar waje ta tafi. A Kano kuwa abin da ya fi matsa wa Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa lamba yanzu shi ne ƙarancin hannu da kayan aiki. Giginya ta yi nisa da gari, kududdufan da ake haƙar ƙasa an cike da yawansu an yi gidaje, 'ya'yan magina kuma sun koma aikin bulo, inda kuɗin yake.