DAGA MOSKO ZUWA UNGUWAR TELEVISION: TARIHIN ZAMA A KAN TABARMA ƊAYA

Yau a filinmu na tarihi za mu duba yadda manyan ƙasashe ke zama su sasanta, sannan mu dawo gida Kaduna mu ga abin da ya shafe mu.

A watan Oktoba na 1962, Amurka ta gano Tarayyar Sobiyat ta girke makamai masu linzami na nukiliya a tsibirin Kuba, wanda ke dab da ƙofarta. Kwana 13 duniya ta yi a tsorace, ana jiran ɓarkewar yaƙin da ba wanda zai tsira. To uwargida, kin san abin da ya ƙara dagula lamarin? Jinkirin saƙo. Wata wasiƙa da shugaban Sobiyat, Khrushchev, ya aika wa Shugaba Kennedy sai da ta kwashe kusan awa 12 kafin ta isa a fassara ta. Daga ƙarshe dai suka daidaita: Sobiyat ta kwashe makamanta, Amurka ta yi alkawarin ba za ta mamaye Kuba ba, ta kuma janye nata daga Turkiyya. A 1963 suka buɗe layin aika saƙo kai-tsaye tsakanin Washington da Mosko. Gabarsu na nan yadda take, amma kowa ya lissafa asarar da zai yi, ya ga gara a bar ƙofar magana a buɗe.

Yanzu mu dawo gida. Da yawanku kun tuna rikicin Kaduna na Fabrairu da Mayun 2000 a kan batun shari'a, wanda ya ci rayuka aƙalla 2,000. Kafin nan Musulmi da Kirista na zaune gida da gida a Television da Sabon Tasha da Narayi, haka ma a Rigasa da Tudun Wada. Bayan rikicin kowa ya kwashe kayansa. Musulmi suka ƙetara arewacin kogi, Kiristoci suka taru a kudu, Kogin Kaduna ya zama iyaka. Mace nawa ce ta rabu da maƙwabciyar da suke aron turmi, har yau ba su sake sa juna a ido ba?

A nan ma sai da aka zauna. Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye a da abokan gaba ne. A rikicin 1992 Wuye ya rasa hannunsa na dama, Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan uwansa biyu. Sun haɗu a 1995, suka kafa cibiyar sasanta mabiya addinan biyu. Ranar 22 ga Agusta 2002, zamanin Gwamna Ahmed Makarfi, shugabannin addini 22, Musulmi 11 da Kirista 11, suka sa hannu a Yarjejeniyar Zaman Lafiya ta Kaduna.

Gaskiya ita ce takarda kaɗai ba ta kashe wuta. Wata uku kacal bayan sa hannun, rikicin gasar sarauniyar kyau ya ɓarke a Nuwamba, aka rasa kimanin mutum 250. Amma shugabannin ba su daina neman juna ba. Da rikicin zanen ɓatanci ya tashi a Maiduguri da Katsina da Bauci a 2006, Kaduna ta zauna lafiya. Da aka sake gwabzawa bayan zaɓen 2011, muka ƙara gane cewa sulhu kamar tuwo yake, kullum sai an ɗora tukunya.

'Yar uwa, kada ki ce ina kulle, me ya haɗa ni da wannan. Jita-jita a tsakar gida take kwana, kuma yaron da ke fita da gora daga ɗakin wata ya fito. Idan labari ya zo cewa ana kashe namu a ƙetaren gada, ki bincika kafin ki yaɗa. In kina da lambar tsohuwar maƙwabciyarki ta Television, ki kira ta ku gaisa, ki tambayi yara. Naki layin kai-tsayen ke nan.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya.