Solidarnosc: Ƙungiyar Ƙwadagon da Ta Kai Polan ga Dimokuraɗiyya

A ranar 7 ga Agusta 1980, hukumar ma'aikatar ƙera jiragen ruwa ta Lenin da ke birnin Gdansk, a gaɓar Tekun Baltic, ta sallami wata ma'aikaciya mai suna Anna Walentynowicz. Shekara 30 ta yi tana aiki a wurin, da farko mai walda, daga baya mai sarrafa na'urar ɗaga kaya, kuma saura wata 5 ta fara cin fansho. Laifinta shi ne shiga wata 'yar ƙungiyar ma'aikata da gwamnati ba ta yarda da ita ba. Korar wannan mata ita ce ta haifi Solidarnosc, ƙungiyar ƙwadago ta farko da doka ta amince da ita a ƙasashen da ke ƙarƙashin ikon Tarayyar Sobiyet wadda ba jam'iyya mai mulki ke juya ta ba. Cikin shekara 9, ƙungiyar ta karɓi gwamnati daga hannun 'yan kwaminis ba tare da ta harba harsashi ko ɗaya ba.

A wancan lokaci, tun 1948 jam'iyya guda, ta 'yan kwaminis, ke mulkin Polan da sunan ma'aikata. Ƙungiyoyin ƙwadagon da doka ta sani duk nata ne, aikinsu isar da umarni daga sama da raba gurabun hutu. Ma'aikaci ba shi da inda zai kai kuka sai titi, titi kuwa ya sha jini. An harbe masu zanga-zanga a Poznan a 1956. A Disambar 1970, da aka ƙara kuɗin abinci ana gab da Kirsimeti, sojoji da 'yan sanda suka buɗe wuta a Gdansk da Gdynia da Szczecin, mutum fiye da 40 suka mutu. Sabon shugaban jam'iyya, Edward Gierek, ya nemi sayen zaman lafiya da bashin ƙasashen Yamma, har bashin ya kai wajen dala biliyan 20 kafin 1980, amma layin sayen nama bai ragu ba.

Daga waɗannan wahalhalu mutanen Polan suka koyi darasi biyu. Na farko, mai yajin aiki kada ya fita titi, ya kulle kansa cikin ma'aikata, inda gwamnati za ta ji tsoron lalata injinanta. Na biyu ya zo ne bayan yajin Radom da Ursus na 1976, lokacin da aka lakaɗa wa ma'aikata duka aka kore su daga aiki. Wasu masana da lauyoyi da marubuta suka kafa kwamitin kare ma'aikata da ake kira KOR, suna tara wa iyalansu kuɗi, suna nema musu lauya, suna buga sunayen waɗanda aka zalunta. Jacek Kuron, ɗaya daga cikin jagororinsa, ya shahara da shawarar cewa a daina ƙona ofisoshin jam'iyya, a kafa kwamitoci na kai. Haka ɗan boko da lebura suka fara zama a tabarma ɗaya. A 1978 aka kafa ƙungiyar ƙwadago mai zaman kanta ta yankin gaɓar teku, wadda Walentynowicz ke ciki tare da Andrzej Gwiazda da Bogdan Borusewicz da wani mai gyaran lantarki da aka kora daga ma'aikatar jiragen a 1976, Lech Walesa. A shekarar ce kuma aka zaɓi ɗan Polan, Karol Wojtyla, ya zama Fafaroma John Paul na Biyu. Da ya ziyarci gida a Yunin 1979, miliyoyin mutane suka fito, 'yan sa kai suka tsare doka da oda, jama'a suka ga yawansu da idonsu.

A ranar 1 ga Yuli 1980 gwamnati ta ƙara kuɗin nama, yaje-yajen aiki suka ɓarke nan da can, ana kashe kowanne da ƙarin albashi. Safiyar 14 ga Agusta aka ajiye aiki a ma'aikatar Lenin, Walesa ya tsallaka katanga ya shiga, ya zama jagora. Kwana biyu bayan haka hukumar ma'aikatar ta miƙa wuya: za a mayar da Walentynowicz da Walesa bakin aiki, za a ƙara albashi, za a gina abin tunawa da mamatan 1970. Walesa ya yi shelar cewa yajin ya ƙare, ma'aikata suka fara tururuwa zuwa gida.

A nan ne tarihin ƙungiyar ya ɗauki hanyarsa. Direbobin motocin haya na birni da ma'aikatan ƙananan masana'antu sun shiga yajin ne don mara wa ma'aikatar jiragen baya, kuma sun san in babba ta janye, za a murƙushe su ɗaya bayan ɗaya. Henryka Krzywonos, mai tuƙa jirgin ƙasa na cikin gari, ta faɗa wa Walesa haka ƙiri-ƙiri. Alina Pienkowska, ma'aikaciyar jinya a asibitin ma'aikatar, da Anna Walentynowicz suka ruga bakin ƙofofi suna roƙon maza su tsaya, suna tuna musu cewa wasu sun sa wuyansu dominsu. Da yawa sun wuce, amma waɗanda suka tsaya sun isa a ci gaba. A daren aka kafa kwamitin yajin aiki na haɗin gwiwar masana'antu, bisa alkawarin cewa ba wanda zai koma aiki sai an biya bukatar kowa. Mutanen da aka riga aka biya musu bukata suka zaɓi ci gaba da kwana a kan siminti saboda waɗanda ba a biya wa ba, kuma a kan wannan zaɓi aka gina duk abin da ya biyo baya.

Kwamitin ya tsara bukatu 21, aka rubuta su da hannu a kan falankin katako biyu, aka rataye a Ƙofa ta Biyu domin kowa ya karanta, tunda gwamnati ta katse layukan tarho na birnin. Bukata ta farko ita ce ƙungiyoyin ƙwadago masu cin gashin kansu daga jam'iyya da masu ɗaukar aiki, bisa yarjejeniya ta 87 ta Hukumar Ƙwadago ta Duniya da Polan ta riga ta sa wa hannu. Sai 'yancin yajin aiki, 'yancin faɗar albarkacin baki, da sakin fursunonin siyasa, kafin a zo kan albashi da fansho da hutun Asabar. An haramta giya a harabar. Iyalai suna miƙo abinci da furanni ta ƙofa. Tadeusz Mazowiecki da Bronislaw Geremek suka taso daga Warsaw suka zama masu ba da shawara. Da mataimakin firaminista Mieczyslaw Jagielski ya zo tattaunawa, aka jona lasifika a duk faɗin ma'aikatar, dubban ma'aikata suna jin kowace kalma, ba damar a sayar da su a ɗaki. Ranar 31 ga Agusta aka sa hannu, Walesa yana riƙe da wani ƙaton alƙalami mai hoton Fafaroma.

A ranar 17 ga Satumba wakilai daga sassan ƙasar suka hallara a Gdansk suka yanke shawarar zama ƙungiya guda ta ƙasa baki ɗaya, masanin tarihi Karol Modzelewski ya ba da shawarar sunan Solidarnosc. Sun tsara ta yanki-yanki maimakon sana'a-sana'a, ta yadda malamin makaranta da mahaƙin kwal da ma'aikaciyar jinya na gari ɗaya suke reshe ɗaya, gwamnati ba ta iya lallashin wata sana'a ta bar saura. Kotun ƙoli ta tabbatar da rajistarta ranar 10 ga Nuwamba. Kafin shekara ta zagayo mambobinta sun kusa miliyan 10, a ƙasar da jama'arta ba su wuce miliyan 36 ba, har da ɗaruruwan dubban 'yan jam'iyyar kwaminis. Manoma ma suka samu tasu a Mayun 1981. Shugabannin sun san abin da tankokin Sobiyet suka yi a Hungary a 1956 da Czechoslovakia a 1968, don haka suka ja wa kansu layi: ba tashin hankali, ba neman kifar da gwamnati, ba taɓa ƙawancen ƙasar da Mosko. Duk da haka babban taronsu na farko, a kakar 1981, ya aika saƙon goyon baya ga ma'aikatan Gabashin Turai, abin da ya harzuƙa Mosko.

Ranar 13 ga Disamba 1981 shugaban jam'iyya na lokacin, Janar Wojciech Jaruzelski, ya kafa dokar soja. Aka tsare dubban mutane, har da Walesa. A mahaƙar Wujek da ke Katowice aka harbe mahaƙa 9 ranar 16 ga wata. A Oktoban 1982 aka soke ƙungiyar a doka. Sai ta koma ƙarƙashin ƙasa. Zbigniew Bujak ya yi ta ɓuya yana jagoranci har 1986. Jaridar Tygodnik Mazowsze, wadda mata ne akasarin masu shirya ta, ta riƙa fitowa daga ɗakunan ɓoye tana yawo hannu da hannu. Mambobi suka ci gaba da biyan kuɗin ƙungiya a asirce don ciyar da iyalan waɗanda ke kurkuku. Walesa ya samu lambar yabo ta Nobel a 1983, matarsa Danuta ta karɓo masa a Oslo. Ko a 1984, da jami'an tsaro suka sace limamin coci Jerzy Popieluszko suka kashe shi suka jefa gawarsa a ruwa, dubun dubatar da suka halarci jana'izarsa ba su ɗauki fansa ba.

Janar ɗin ya iya rufe ƙungiya, amma tattalin arziki ya gagare shi. Da Mikhail Gorbachev ya hau mulki a Mosko, tsoron tankoki ya ragu. Yaje-yajen aikin 1988 suka sa gwamnati ta nemi Walesa da kanta. Daga 6 ga Fabrairu zuwa 5 ga Afrilu 1989 aka zauna a teburin sulhu, waɗanda aka ɗaure suna fuskantar waɗanda suka ɗaure su. Aka amince a maido da ƙungiyar, a bar kujeru 161 daga 460 na majalisar wakilai a yi takara a kansu, a kuma kafa majalisar dattawa mai kujeru 100 da za a zaɓa ba shamaki. Ɗan gwagwarmaya Adam Michnik ya fara fitar da jaridar Gazeta Wyborcza domin zaɓen, aka ɗauki kusan kowane ɗan takarar ƙungiyar hoto tare da Walesa. Bayan zaɓen 4 ga Yuni da zagaye na biyu, Solidarnosc ta kwashe kujeru 161 ɗin duka da 99 na dattawa. A watan Agusta Mazowiecki ya zama firaminista, kafin Katangar Berlin ta faɗi a Nuwamba. Iskar wannan shekara ta kaɗa har Afirka ta Yamma: Benin ta yi watsi da aƙidar Markisanci ta kira taron ƙasa a 1990, Nijar ta yi nata a 1991, inda ƙungiyoyin ƙwadago da ɗalibai suka kasance a sahun gaba.

Nasara ta zo wa ƙungiyar da tsada. Shirin ministan kuɗi Leszek Balcerowicz, wanda ya fara aiki a Janairun 1990, ya saki farashi, ya janye tallafi, ya shawo kan hauhawar farashi, ya cika shaguna da kaya. Amma rashin aikin yi, wanda a da babu shi a takarda, ya kai wajen kashi 16 cikin 100 cikin shekara huɗu, kuma manyan masana'antun da suka haifi ƙungiyar ne suka fi jin jiki. Ita kanta ma'aikatar jiragen Gdansk ta karye a 1996. Abokan gwagwarmaya suka rabu: Walesa ya kara da Mazowiecki a zaɓen 1990 ya zama shugaban ƙasa. A 1993 'yan majalisar ƙungiyar suka gabatar da ƙuri'ar rashin amincewa da ta kayar da gwamnatin Hanna Suchocka, wadda daga gidansu ta fito, tsoffin 'yan kwaminis suka ci zaɓen da ya biyo baya. A 1995 Aleksander Kwasniewski, tsohon minista a gwamnatin kwaminis, ya kayar da Walesa, kuma Walesa ya sauka. Ƙungiyar ta sake haɗa ƙawancen siyasa ƙarƙashin Marian Krzaklewski ta ci zaɓen 1997, Jerzy Buzek ya zama firaminista, Polan ta shiga NATO a 1999. A 2001 ƙawancen bai samu kujera ko ɗaya a majalisar wakilai ba, ƙungiyar ta koma aikinta na ƙwadago.

Yau mambobinta ba su kai miliyan ɗaya ba, kuma Walesa da kansa ya fice daga cikinta a 2006. Manyan ɓangarorin da ke jayayya a siyasar Polan, na Donald Tusk da na Jaroslaw Kaczynski, duk daga cikinta suka fito, kuma har yanzu suna musu a kan teburin sulhun 1989: wasu na ganin hikima ce da ta hana zubar da jini, wasu na ganin an bar tsoffin masu mulki sun tsira da dukiya da mutunci. Ma'aikatan da suka rasa aiki a farkon shekarun 1990 suna da haƙƙin jin cewa an ci da guminsu, kuma duk mai ba da labarin Solidarnosc ya kamata ya faɗi wannan tare da labarin nasara. Duk da haka, ƙungiyar ta bar wa Polan abin da jam'iyyar kwaminis ta hana ta shekara 40: tsarin da mai mulki zai faɗi zaɓe ya sauka. Shugabannin ƙungiyar da kansu sun bi wannan doka, kuma tun 1989 duk sauyin gwamnati a Polan ta hanyar ƙuri'a ya zo.