Ƙwarin Tabar Wiwi a Shukar Gida: Nazarin Giɓin da ke Tsakanin Izinin Shuka da Kariyar Lafiya a Kanada da Amurka

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci matsalar ƙwari ga masu shuka tabar wiwi a gida a ƙasashen da doka ta ba su izini, musamman Kanada da jihar Kolorado ta Amurka. An bi hanyar bitar rubuce-rubucen masana ƙwari da dokokin hukumomin lafiya. Binciken ya gano cewa doka ta halatta shuka a gida, amma gwajin ragowar maganin ƙwari ya tsaya ga kamfanoni. Don haka maƙalar ke ganin rigakafi da amfani da ƙwari masu cin 'yan'uwansu sun fi feshi dacewa da mai shukar gida.

1.0 Gabatarwa

A shekarar 2012 masu zaɓe a Kolorado suka amince wa baligi ya shuka tushe 6 a gida. Yurugwai ta biyo baya a 2013, ita ma da tushe 6. Dokar Kanada ta fara aiki ranar 17 ga Oktoba, 2018 da tushe 4 ga kowane gida, kodayake lardin Kebek ya haramta hakan, kuma Kotun Ƙolin ƙasar ta tabbatar da haramcin a 2023. Jamus ta yarda da tushe 3 daga ranar 1 ga Afrilu, 2024. A Nijeriya kuwa shuka wiwi laifi ne, hukumar NDLEA ke yaƙi da shi, kuma nazarin bai shafi nan ba.

Abin da ya bambanta wiwi da tumatir ko kabeji shi ne ba a wanke shi kafin amfani. Furensa na da danƙo mai riƙe duk abin da ya sauka a kansa, sannan ƙona shi ake yi a shaƙi hayaƙin zuwa huhu. Tambayar binciken ita ce: wace hanya ta rage wa mai tushe huɗu a ɗaki, wanda ba shi da ɗakin gwaji?

2.0 Waiwaye da Hanyar Bincike

Littafin McPartland da Clarke da Watson na shekarar 2000 kan cututtuka da ƙwarin wannan tsiro shi ne madogarar farko a fagen. Daga baya Whitney Cranshaw na Jami'ar Jihar Kolorado da abokan aikinsa suka bayyana a 2018 cewa darɓar wiwi, Phorodon cannabis, ta shigo Arewacin Amurka, inda aka fara gano ta a Kolorado a 2016. A 2019 suka sake fitar da nazari kan ƙwarin nau'in wiwi na masana'antu. An ɗora wannan maƙala a kan waɗannan ayyuka, aka kuma gwama su da matakan hukumomin Kanada da Amurka.

3.0 Manyan Ƙwari da Alamominsu

Na gaba-gaba a shukar ɗaki shi ne ƙaramin gizo-gizo mai ɗigo biyu, Tetranychus urticae, wanda ke cin tsirrai fiye da nau'i 1,100. A bayan ganye yake zama yana tsotse ruwansa. Alamar farko ɗigo-ɗigo ne fari-fari a saman ganye, kamar an barbaɗa gari. Idan aka juya ganyen aka duba da gilashin ƙara girma, za a ga ƙwai garai-garai kamar ƙananan duwatsun wuya. Kafin yanarsa ta bayyana a kan fure, aikin gama ya gama. Zafi da bushewar iska, waɗanda fitilun ɗakin shuka ke haddasawa, su ne ke hanzarta shi, har ƙwai ya zama uwa cikin kusan mako guda.

Na biyu, Aculops cannabicola, ya fi wuyar sha'ani domin tsawonsa bai wuce milimita 0.2 ba, ido ba ya ganin sa. Gefen ganye kan naɗe sama, launinsa ya dushe zuwa ruwan tagulla. Mai shuka sai ya zaci ƙarancin taki ne, ya yi ta ƙara taki alhali ciwon na wani wuri.

Darɓa kuwa tana barin ruwa mai yauƙi a ganye, baƙar funfuna ta tsiro a kansa. Akwai kuma Thrips tabaci, ƙwaron nan da manoman albasa suka sani, mai barin zane-zane masu ƙyallin azurfa. Ƙananan ƙudajen Bradysia suna ƙyanƙyasa a ƙasar tukunya mai yawan laima, tsutsotsinsu na cin ƙananan saiwoyi. A shukar fili kuwa, nazarin Cranshaw ya nuna tsutsar masara, Helicoverpa zea, ce ta fi ɓarna domin cikin furen take kutsawa.

4.0 Matsalar Feshi

A nan ne gizo ke saƙa. Hukumar kare muhalli ta Amurka ba ta yi wa wani maganin ƙwari rajista don wiwi mai bugarwa ba, saboda dokar tarayya ta haramta shi. Magunguna 10 da ta amince da su a Disamba 2019 na nau'in masana'antu ne. Wannan giɓi ya sa masu shuka suka riƙa ɗauko maganin furannin ado da na itatuwan marmari.

Sakamakon bai ɓuya ba. A 2015 hukumomin birnin Denba suka killace dubban tsirrai saboda magungunan da ba a yarda da su ba, ciki har da myclobutanil na kashe funfuna, wanda ke fitar da iskar sayanayid mai guba idan an ƙona shi. A Kanada ma an janye kayan wasu kamfanoni masu lasisi a ƙarshen 2016 da farkon 2017 kan wannan sinadari. Tun a 2013 Sullivan da abokan aikinsa sun nuna cewa har kashi 69.5 cikin ɗari na ragowar magani na iya biyo hayaƙi idan lofen ba shi da mataci. Daga Janairu 2019 Kanada ta wajabta wa kamfanoni gwajin sinadarai 96. Mai shukar gida ba ya cikin wannan tsari. Shi ne manomi, shi ne mai sha, babu mai duba masa. Garin gyaran gira yana iya rasa ido.

Feshin ma ba ya warware matsalar. Gizo-gizon nan mai ɗigo biyu na cikin halittun da suka fi saurin sabawa da guba, sannan feshi na kashe maƙiyansa, ya bar masa fili.

5.0 Hanyoyin da Suka Fi Dacewa

Yawancin ƙwarin ɗaki ba tashi suke su shigo ba, kawo su ake yi, a jikin reshen dashe da aka karɓo wurin aboki, ko tufafin da aka shiga lambu da su. Keɓe sabon dashe na mako biyu, da duba bayan ganye kowane mako, da rataya kati rawaya mai danƙo, su ne matakan farko. Barin saman ƙasa ya bushe tsakanin ban ruwa na karya lagon ƙudajen Bradysia.

Idan ƙwari sun riga sun shiga, da ɗan gari kan ci gari. Phytoseiulus persimilis gizo-gizo ne da kusan ba ya cin komai sai Tetranychus, amma yana buƙatar laima a iska. Neoseiulus cucumeris na cin 'ya'yan ƙwaron albasa. Tsutsar ƙasa Steinernema feltiae da ƙwayar Bacillus thuringiensis israelensis suna kashe tsutsotsin ƙudaje. Sabulun ƙwari yana da amfani kafin tsiro ya fara fure. Bayan nan, yanke sashen da ya kamu, ko zubar da tushen gaba ɗaya, ya fi feshi aminci.

6.0 Kammalawa

Nazarin ya nuna cewa dokokin halatta shukar gida sun ƙidaya tushe, ba su ƙidaya abin da ake fesa masa ba. Maƙalar na ba da shawarar hukumomin lafiya na waɗannan ƙasashe su fitar da jerin magunguna na musamman ga masu shukar gida, su kuma sauƙaƙa musu gwajin ragowa. Ana kuma buƙatar bincike kan abin da magungunan da ake kira na gargajiya ke zama bayan an ƙona su, domin abin da ciki ya jure ba lalle huhu ya jure shi ba.